Takardar Dai Ba Laifi

Akwai kalma biyu da na daina faɗa shekaru da yawa yanzu, ko da miya aka tambaye ni yadda ta yi. Su ne "ba laifi". Kowa yana faɗarsu idan abu bai burge shi ba, kuma ba ya son ya ɓata wa mai abin rai. Ni sau ɗaya na faɗe su a zauren gidanmu a Adabka, mahaifina ya rasa shanun huɗarsa guda biyu, ya kuma daina kawo mani takarda in karanta masa. Zan faɗi yadda abin ya faru iyakar abin da na riƙe. Inda nake shakka zan ce ina shakka, domin halina ke nan, kuma halin ne ya ja mana.

A Gummi na fara ganin mutumin da ya cuce mu. Ina ajin ƙarshe na sakandare, ina zaune wurin kawuna, ƙanen Inna, mai shagon tireda kusa da kasuwa. Ba a daɗe da yanko jiharmu daga Sakkwato ba. A lokacin Sakatare ake ce masa. Ya kafa ƙungiyar taki: ka zuba kuɗinka da rani, kafin damina a kawo maka takin zamani a rabin farashi, har da ɗan abin da kuɗin ya haifa. Waɗanda suka fara shiga sun samu, na ga buhunan da idona a ƙofar wani maƙwabcin kawu. Da shekara ta zagayo kowa ya zuba. Ruwa ya sauka, ba taki ba Sakatare. Daga baya aka kamo shi, aka kai shi kotu, aka ɗaure shi. Tun daga ranar, in an tambayi labarinsa sai a ce ya yi tafiya. Haka ake cewa a wajenmu. Matarsa 'yar garin ce, surukansa mutanen kirki ne, ba wanda zai ambaci gidan yari inda za su ji.

Sau biyu ko uku kawai na gan shi, kuma shi bai san ni ba. Abu biyu suka tsaya mani a rai. Ƙaramin yatsan hannunsa na hagu a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa. Sannan in zai ba mutum takarda, da hannu biyu yake miƙa ta yana cewa, "Kada ka yarda da ni, ka yarda da takarda."

Na wuce jami'a, na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo Adabka ina jiran aikin da bai zo ba. A wannan zaman na zama mai karanta wa gari takardu. Wasiƙa daga kudu, katin asibiti, sammaci, duk ni ake kawo wa. Baba bai taɓa yabona a gabana ba, amma in wani ya zo da takarda masallaci, ina jin yadda yake cewa, "Kai ma yaron wajena," yana gyara zaman hularsa.

Yana da dalilin gyara hular. Shanun nan biyu su suka yi mani karatun. Yana maruƙa ya saye su wurin wani amininsa Bafulatani da muke kira Baffa, ɗaya fari mai tsayayyen ƙaho, ɗaya ja mai taurin kai. Shi ya hore su da hannunsa har suka iya jan garma a miƙe. Da damina ya huɗe gonarmu, ya huɗe wa mutane a biya shi. Da rani su ja amalanke, taki ko itace ko hatsi zuwa kasuwa. Duk kuɗin rajista da na kai jami'a, in ka bi sawunsa, a bayan shanun nan zai tsaya.

Bayan kaka aka fara maganar wani Manaja da ya buɗe ofis a Bukkuyum. Kamfaninsa yana sayen wake da arha, ya tara a sito, in ya yi tsada ya loda zuwa kudu. Kai naka ka zuba jari, duk bayan wata uku ka zo ka karɓi riba, uwar kuɗinka tana nan. Mutum biyu daga garinmu sun riga sun karɓa, ɗaya har ya sayi babur.

Wata hantsi Baba ya aiko in fito zaure. Na tarar da shi da Baffa, da wani baƙo mai ƙiba da gemu, cikin farar shadda, da koren fayil a kan cinyarsa.

"Ga yaron," in ji Baba. "Shi yag gama jami'a. Manaja, ba shi takardag ga shi duba."

Baƙon ya yi murmushi. Hausarsa irin ta gidan rediyo ce, ba irin tamu ba. "Ranka ya daɗe mai digiri. Ai gara da aka kira ka." Ya miƙo mani takardar da hannu biyu. "Kada ka yarda da ni, ka yarda da takarda."

Na kalli hannunsa na hagu. Yatsan yana nan a lanƙwashe.

Na sunkuyar da kai kamar ina karatu. Baffa ya gyara sandarsa ya ce, "Ni dai ban iya karatu ba. Amma in na ba mutum saniya kiwo, ina zuwa in gan ta tana cin haki. Kuɗɗin ga, ina mutum za shi je shi gan su suna kiwo?"

"A sito, Baffa," in ji Manaja. "Buhu kan buhu, har rufi."

Baba ya yi dariya. "Rabu da Bahillace, Manaja. In abu ba ya da wutsiya, ba ya kiran shi dukiya."

"Kai kuma in abu ba ya da hatimi, ba ka barci," in ji Baffa. Duk suka yi dariya.

Sau biyu na karanta takardar. Turancinta tsaf, ga hatimi, ga lamba, ga sa hannu. Gaskiya kuskure nake nema, ko da harafi ɗaya ne, in rataya ƙin yardata a kansa, ban samu ba. Ina ta lissafi a zuci. Shekaru sun wuce. Wancan siriri ne ba gemu. Masu lanƙwasasshen yatsa suna da yawa. In na yi magana kuma ba shi ba ne, na yi wa baƙo ƙazafi a zauren ubana. In kuma shi ne, na tona asirin mutumin da ya riga ya karɓi hukuncinsa. Ko ta ina na juya sai in ga shiru ya fi sauƙi.

"To, mi kag gani?" in ji Baba.

"Takardar dai," na ce, na ɗan tsaya, "ba laifi."

Duk gargaɗina na ɗora shi a kan "dai" ɗin nan. A tunanina na ce takardar ce kawai ba ta da aibi, mutumin kuwa wani zance ne. Ba wanda ya ji haka. Manaja ya tafa hannu ya ce, "Ka ji, Baba. Mai digiri ya duba ya ce ba laifi."

Da na shiga cikin gida Inna tana surfe. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta tsayar da taɓarya ta ce, "Kai, zo nan. Na ji ku ta katanga. Bakinka ya ce ba laihi, muryarka ba ta ce ba."

"Ina son in tabbatar da wani abu tukuna, Inna."

"Tabbatar da mi?"

"Wani abu ne dai."

Ta ci gaba da surfenta.

Washegari na ce wa Baba zan je Gummi in bi zancen wani aikin koyarwa. Ban gaya masa ainihin dalilin ba, don ban so in ɗaga masa hankali a kan abin da ban tabbatar ba. Na hau babur zuwa Bukkuyum, na shiga mota zuwa Gummi. Na tarar kawu ya tafi Sakkwato saro kaya. Na jira shi kwana biyu, domin ban ga wanda zan yi wa irin wannan tambaya ba in ba shi ba. Da ya dawo ma sai da ya yi ta kewaye-kewaye.

"Wanda yay yi tahiya? Ya dawo tuni. An ce ya yi gabas. Mi kaka nema da shi?"

Na kwatanta masa yatsan, da yadda yake miƙa takarda. Kawu ya leƙa waje, ya rage murya. "Awo, shi na. Amma kada ka ce ni nig gaya maka. Sahu ɗaya muka sallah da surukinai."

Ranar kasuwar Bukkuyum ta faɗo cikin kwanakin da nake Gummi. Ban yi wannan lissafin ba, ni da nake lissafa komai. Da na shiga gida, idona ya fara sauka a kan turakun shanu. Igiyoyin suna nan a ɗaure, ga sauran harawa a ƙasa, ba shanu. Baba ya sayar da su, ya kai wa Manaja kuɗin a ranar. Kuma ba shi kaɗai ba. Magana ta bi gari cewa ɗan wane ya duba ya ce ba laifi. Wata gwauruwa a bayan gidanmu ta sayar da tumakinta uku.

Na gaya wa Baba komai. Da safe ya ce in shirya, muka tafi Bukkuyum tare, ya sa na maimaita a gaban Manaja. Na ɗauka zai musa. Sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, idonsa ya ciko.

"Gaskiya yaronka ya faɗa, Baba. Na yi kuskure a Gummi, na je na biya. To mutum in ya tuba shi ke nan ba shi da wurin neman abinci? Ina zai je?" Ya tashi ya buɗe mana siton da ke bayan ofis. Buhuna ne jere har sama. Ya kwance bakin ɗaya ya ɗebo wake ya zuba wa Baba a hannu. Sannan ya jawo aljihun tebur. "Ga kuɗinka in kana so, yanzu zan ƙirga maka. Ni ka bar ni da Allah."

Na ga kunya ta rufe Baba. Dattijo ne da bai taɓa ƙwace abin da ya riga ya bayar ba. Ya ce a bar kuɗin, har ya ba Manaja haƙuri. A hanya muna jiran babur ya ce mani, ba tare da ya dube ni ba, "Rannan ka ce ba laihi. Yau ka ce laihi. Wanne za ni ɗauka?"

Nan ne ya kamata in ce, Baba mu koma yanzu ka karɓi kuɗinka. Ƙafa ashirin ce tsakaninmu da ofishin. Abin da na ce shi ne, "Wataƙila kuma ya tuba ɗin." Wannan ta fi ta farko yi mani ciwo, domin a lokacin na riga na sani.

Baba ya karɓi riba sau ɗaya. Kafin ta biyu, ana gab da shuka, aka wayi gari ofis a kulle. Da aka fasa siton, layin gaba da na sama ne kawai wake. Sauran ƙaiƙayi ne da yashi.

An kama shi bayan 'yan watanni, na je kotu ranar da aka yanke hukunci. Baba bai je ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta tarihinsa, a nan na ji cewa Gummi ma ba ita ce ta farko ba. Kafin ita, a wata jiha, da wani suna, ya tara kuɗin mata a kan zai sayo injinan niƙa a riƙa raba masu riba, can ma an ɗaure shi. Tamu ce ta uku ke nan. Duk hanyar ɗaya ce: ya biya mutanen farko da kuɗin na baya, har sai tukunya ta cika ya ɗauke. Ana karantawa yana gyaɗa kai a hankali, kamar mai sauraron takardun shaidar aikinsa. Ban riƙe tsawon ɗaurin daidai ba, ba zan ƙirƙira ba. Na dai tuna na auna shi a raina, na ga bai kai lokacin da ake ɗauka a reni maraƙi a hore shi ba. Ba a samu komai a hannunsa da za a raba ba.

Daminar nan Baba da garmar hannu ya yi huɗa, yana da shekarun da ya kamata ya zauna a inuwa. Rabin gonar muka iya. Na shiga taya shi, hannuna ya yi kanta ya fashe, sai ya ce, "Je ka huta, Malam." Ba da gatse yake faɗa ba, ko kuma da gatse ne, har yau ban sani ba. Baffa ya zo da maraƙi ya ce a riƙe, a biya duk ranar da aka samu. Baba ya ce a'a. Ina jin dariyar da ya yi masa a zaure ce ta hana shi karɓa. Garmar shanun tana jingine a gindin rumbu, kaji suna kwana a kanta.

Bai taɓa yi mani faɗa ba. Wata rana dai aka kawo masa wasiƙa daga ƙanensa da ke kudu. Ina zaune a ƙofar gida. Ya ninke ta ya sa a cikin hula, ya wuce ta gabana, ya nufi gidan hedimasta. Daga ranar haka ya riƙa yi. Mutanen gari ma suka bi sahunsa, sai gwauruwar nan kaɗai, wadda ta ci gaba da kawo mani katin asibitinta kamar ba abin da ya faru. Nata ya fi yi mani nauyi.

Bayan shekaru na samu aikin koyarwa a Anka. Lokacin waya ta shigo hannun kowa, kuma zancen zinariya ya cika gari, samari suna barin gona suna tafiya haƙa. Wata rana wani malami abokin aikina ya kawo mani takarda a ɗakin malamai. Wani Ciyaman ne yake tara jari zai kawo injinan niƙa dutsen zinariya, kowane wata a raba riba. Tun kafin in gama layin farko na ce ya kai ni in ga mutumin.

Muka same shi a rumfar mai shayi kusa da tasha, mutane sun kewaye shi. Gemun ya yi furfura, fayil ɗin ya zama jakar fata. Shi ya fara gane ni.

"A'a! Malam Ba-laifi! Ashe kana nan? Ina Baba? A kawo wa Malam shayi, a sa madara da yawa."

Na ji tsohon halina yana taso mani, yana ce mani in ja abokina gefe in gaya masa a asirce. Amma na tsaya inda nake, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, mutumin nan an ɗaure shi sau uku a kan irin wannan. Ɗaya a wata jiha, ɗaya a Gummi kan taki, ɗaya a Bukkuyum kan wake. Shanun ubana suna ciki. Duk wanda ya ba shi kuɗi ba zai ƙara ganinsu ba."

Ciyaman ya cire hularsa ya ajiye a kan benci, idonsa ya ciko, ya fara maganar tuba, kusan kalma da kalma yadda ya yi wa Baba. Wani ya ce mani, "Haba Malam, ba a tona asirin Musulmi." Wani ya ce albashi ne ya yi mani kaɗan shi ya sa nake hassada. Mai shayin ya ce in biya kuɗin shayin da ban sha ba in tafi. Ina jin mutum uku ko huɗu sun janye. Abokina ya zuba rabin abin da ya yi niyya, ya ce ya raba tsakanina da Ciyaman. Kafin shekara ta ƙare na ji an sake kama shi. Ban je kotu ba.

A wannan shekarar na kwashi adashin malamai, na je wurin Baffa muka zaɓi 'yan bijimai biyu, na kai su gida. Na tarar Baba ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Ya fito da sanda ya zagaya su, ya buɗe bakin ɗaya ya duba haƙora, ya ce, "Sai an hore su."

Da la'asar muna zaune a zaure mu biyu. Ƙanena ya kai shi asibiti satin da ya wuce, an yi masa gwaji, an ba su takarda, ba wanda ya yi masu bayani sosai.

"An ce ka yi magana Anka," in ji Baba.

"Na yi, Baba."

"An ce har mai shayi ya kore ka."

"Ya kore ni."

Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya cire hularsa, ya zaro takardar asibitin daga ciki, ya miƙo mani da hannu ɗaya. "Karanta. Kuma kada ka ce mani ba laihi."

Na karanta sau biyu, yadda na saba. Akwai hanyoyi da yawa da zan iya kewayawa, duk na gan su a gabana. Na ce, "Baba, ƙodarka ce ta lalace, duka biyun. Maganin da suka rubuta zai rage maka kumburi da ciwo, amma ba zai warkar ba."

Ya karɓi takardar ya mayar cikin hula, ya ɗora hular a kansa ya gyara mata zama.

"To," ya ce. "Yanzu ka yi karatu." Can kuma ya ce, "Gobe ka kira mani Bahillacen nan. A hwara hora su tun yanzu, ƙanenka shi koyi riƙon garma ina gani."

Ya ga an ɗora masu karkiya, ya ga sun yi ta turjiya suna jan gungume a bayan gari, yana zaune a kan tabarma yana yi wa ƙanena tsawa yana yi wa Baffa tsiya. Bai ga kunyar huɗa ta farko da suka ja a gona ba. Ya rasu saura 'yan kwanaki ruwa ya sauka. Da muka zo kwashe kayansa, na sami takardar asibitin a cikin hular, tare da wata tsohuwa mai hatimi da lamba da sa hannu, wadda ninki ya kusa raba ta huɗu.